Filin Amsa Tambayoyinku: Katsina Za Ta Iya Riƙe Jaridar Kullum Mai Zaman Kanta?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan aikin jarida suka zo, yawancinsu daga Katsina da Daura. Mun zaɓi biyar, muka taƙaita su, muka miƙa wa mutanenmu da suka daɗe a sana'ar: masu tace labari, masu aikin maɗaba'a da masu raba jarida.

Daga wani malamin tarihi a Daura: Assalamu alaikum. Gardama ta tashi a ofishin malamai kan wace ce jaridar kullum mai zaman kanta ta farko a Arewa. Ni na ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, abokin aikina ya ce New Nigerian. Wa ya yi daidai?

Wa alaikumus salam, Malam. Ku yi haƙuri, duk ku biyun ba ku dace ba, amma gardamar taku mai amfani ce.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairun 1939 a Zariya, kuma hukumar mulkin mallaka ce ta kafa ta. Sau ɗaya a wata ta soma fitowa, a kan kwabo ɗaya. Editanta na Hausa shi ne Malam Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina kafin a ɗauke shi zuwa Zariya wajen Dokta Rupert East. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, wanda ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen, a 1948. Ita kuwa New Nigerian ta kullum ce, babu shakka, amma gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta a Kaduna. Ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kafin juyin mulkin farko, kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975.

In ana neman wadda take fita kullum ba da kuɗin hukuma ba, sai a duba Daily Comet ta kamfanin Dokta Nnamdi Azikiwe, wadda aka mayar da ita Kano a 1949, kuma 'yan NEPU suka samu bakin magana a cikinta. Sai dai ita ma mai ita ɗan siyasa ne, yana da inda ya sa gaba. Haka Nigerian Tribune da Cif Obafemi Awolowo ya kafa a Ibadan a shekarar nan ta 1949. Ita ce misali mafi daɗewa a Najeriya na jaridar yanki da ba ta gwamnati ba, domin har yau tana fita.

Abin da ya kamata ɗalibanku su sani shi ne mutanen jihar nan sun yi rawar gani a wannan fage. Malam Mamman Daura ya zama editan New Nigerian a 1969, bayan Malam Adamu Ciroma, daga baya ya shugabanci kamfanin. A zamaninsu jaridar tana sa ra'ayinta a shafin farko, kuma duk da gwamnati ce mai ita, manya suna shakkar abin da za ta faɗa. Alhaji Isma'ila Isa Funtua ya jagoranci The Democrat a Kaduna, ya kuma shugabanci ƙungiyar masu gidajen jaridu ta ƙasa. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa shi ne mai The Reporter, wadda gwamnatin soja ta hana ta fita a 1993. Alhaji Abidina Coomassie ya yi Today da 'yar'uwarta ta Hausa, A Yau. Ka lura da abu ɗaya: duk a Kaduna aka yi su. Kuɗi da basira sun fito daga Katsina da Daura da Funtuwa, amma injin da ofishin da masu talla suna can. Wadda ta fi daɗewa a cikin masu zaman kansu na Arewa a wannan zamani ita ce ta kamfanin Media Trust, da ya fara da Weekly Trust a Kaduna a 1998, ya koma fita kullum da Daily Trust a 2001, ya ƙara da Aminiya a 2006.

Mu a wajenmu takardar rajista ba ta isa a ce jarida tana zaman kanta ba. Tambaya uku ake yi: wa yake biyan albashi, wa yake iya korar edita, kuma in mai talla mafi girma ya janye yau, za a iya fita gobe? New Nigerian ta shekarun farko ta gwamnati ce amma editocinta suna da bakin cewa a'a. Akwai kuma jaridu masu rajistar 'yan kasuwa da ba sa iya buga layi ɗaya sai an ji daga gidan mai gida.

Daga wata ɗalibar aikin jarida a Katsina: Ga rediyo, ga Facebook, ga WhatsApp. Labari yana isowa waya kafin a gama shan shayi. Me jaridar kullum ta Katsina za ta yi da waɗannan ba sa yi?

'Yarmu, a sauri dai ba za ta kamo waya ba, kuma duk editan da ya sa wannan a ransa ya yi asarar takarda. Aikinta yana wani wuri.

Jihar Katsina, tun da aka ƙirƙiro ta ranar 23 ga Satumba 1987, ta kai ƙananan hukumomi 34. Jaridar da hedikwatarta take Abuja ko Legas galibi wakili ɗaya take ajiyewa a nan, yana zaune a birni, yana kewaya tsakanin gidan gwamnati da hedikwatar 'yan sanda. Labarin Baure ko Sabuwa ko Ɗanmusa ba ya samun shafi sai an yi rashin rayuka. Amma rayuwar mutane tana cikin abubuwan da ba a aiko wa kowa takardar gayyata ba: nawa aka ware wa asibitin karkara a kasafin bana kuma nawa aka saki, wa aka ba kwangilar rufin firamare kuma ya yi ko bai yi ba, me aka yanke a kotun majistare kan rikicin gona, nawa buhun masara ya kwana a Dandume, nawa aka sayar da raƙumi a Mai'aduwa, yaushe taki ya iso kuma ya kai hannun manomi kafin shuka ta wuce ko sai bayan ta wuce. Wannan aiki ne na zuwa kullum da zama a benci ana rubutu. Mai riƙe da waya yana saka abin da ya ci karo da shi ne. Ba shi da wanda zai tura shi majalisar dokoki ranar da ake karatu na biyu a kan dokar haraji.

Na biyu, jarida tana da adireshi. In ta yi maka ƙarya ka san ƙofar da za ka buga, ka san wanda za ka kai kotu, saboda haka dole ta tantance kafin ta buga. Na uku, tana ajiyuwa. Alkawarin da shugaban ƙaramar hukuma ya yi a watan Maris yana nan a shafi na biyar, ana iya ɗauko shi a watan Disamba a ɗora masa a tebur. Su kansu gidajen rediyo, shirin sharhin jaridu na safe daga aikin wasu yake ci. In babu mai haƙo labarin, mai karantawa a iska ba shi da abin karantawa.

Doka ma ta san da wannan aiki. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuto mata. Ki koyi rubuta irin wannan wasiƙa tun kina makaranta: ki faɗi takardar da kike so da sunanta da shekararta, ki kai kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ki riƙe. In babu hatimin nan, za a ce ba a ga wasiƙar ba.

Daga wani ɗan kasuwa a Katsina: Allah ya hore mini ɗan abin hannu, ina so in kafa jaridar Hausa mai fita kullum a nan gida. Me ake bukata, kuma me yake kashe irin waɗannan jaridu?

Alhaji, Allah ya sa albarka a niyya. Za mu faɗa maka yadda abin yake, ko da wani wajen ba zai yi daɗin ji ba.

Takardu su ne mafi sauƙi. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba kowa damar mallakar jarida. Rediyo da talabijin ne suke bukatar lasisin Gwamnatin Tarayya. Za ka yi rajistar kamfani a hukumar CAC, ka nemi lambar ISSN, wato lambar shaidar jarida ko mujalla, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ka riƙa kai musu kwafi uku na kowane bugu, ka sa lauya ya duba maka dokar jiha kan rajistar jaridu. A kowace fitowa a buga sunan edita da adireshin kamfani da na maɗaba'a.

Inda kuɗin yake tafiya shi ne takarda. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku a Akwa Ibom ta daɗe da tsayawa, don haka daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala. Ga lissafin da za ka yi da kanka. Takardar jarida nauyinta kamar giram 45 ne a kowace murabba'in mita. Ganye ɗaya na ƙaramar jarida, wato shafi biyu gaba da baya, faɗinsa kamar santimita 29 ne, tsawonsa 40. Jarida mai shafi 16 ganye takwas ke nan, nauyinta ya kama giram 42. Kwafi 3,000 zai ci kilo 126. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na ɓarna, domin duk lokacin da aka tayar da inji sai an zubar da kwafin farko kafin tawada da ruwa su daidaita, kuma a ƙaramin bugu ɓarnar ta fi ciwo. Ka tashi da kusan kilo 140 a dare ɗaya. Tan ɗaya ba zai wuce maka mako guda ba. In ka mayar da ita shafi 32, sai ka ninka. Ka kuma sani cewa shafuka huɗu-huɗu suke ƙaruwa, ba a ƙara ɗaya ko biyu. In talla ta shafi guda ta shigo a makare, sai dai ka cire labari ko ka ɗauki nauyin shafi huɗu.

Sai faranti, wato fallen ƙarfen da ake fitar da hoton shafi a kansa a ɗaura wa inji ya buga. Shafi mai baƙi zalla faranti ɗaya yake ci, mai launi kuwa huɗu: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Farantin jiya ba ya aiki yau. Saboda haka ka taƙaita launi a bangon gaba da na baya da tsakiya. In ka ga hoto ya fito da fuska biyu-biyu, farantan ne ba su hau kan juna daidai ba. In ka ji takarda tana yawan tsinkewa a inji, ka duba inda ake ajiye naɗin takardar: damina tana jiƙa shi in an ajiye a ƙasa ba katako, hunturu yana busar da shi ya yi ƙarfi, kuma naɗin da aka jefo daga mota gefensa ya lotsa sai ya tsinke. Kowace tsinkewa minti goma ce ko fiye, da ƙarin ɓarna.

Tunda ta Hausa za ka yi, ga matsalar da ta sha ba mutane kunya: haruffa masu lanƙwasa. In nau'in rubutun da mai tsara shafi ya zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, ko ba a cusa shi cikin fayil ɗin PDF ba kafin a aika maɗaba'a, kwamfutar can za ta maye gurbinsu da akwatuna ko ta canza salo a tsakiyar kalma. A gwada kowane nau'in rubutu tun kafin ranar farko, manyan baƙaƙe da ƙanana, kuma kada a ƙona faranti sai mutuminku ya ga samfurin shafin da idonsa.

Kada ka sayi inji a shekarar farko. Ka ba da kwangilar bugu, ka biya kuɗin dare-dare. Inji yana son ma'aikatansa, da janareta mai ƙarfi, da kayan gyara, kuma awa ɗaya zai yi maka aiki ya yi awa 23 yana jira.

Mutane kuwa, mafi ƙaranci: edita, editan labarai, masu tacewa biyu, masu tsara shafi biyu, mai hoto, mai talla, mai rarrabawa, akanta. A birni a sa mai bin kotu, mai bin majalisa da gidan gwamnati, mai bin kasuwa da lafiya da ilimi. A waje a ajiye wakilai a Daura da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma da Kankiya da Jibiya. Kuma a biya su albashi a ƙarshen wata. Wannan ba maganar tausayi kaɗai ba ce. Wakilin da aka ba katin shaida aka ce ya je ya nemi na kansa, ambulan ɗin da ake rabawa bayan taro shi zai zama albashinsa, kuma daga ranar jaridarka ta zama ta mai ambulan, kai kana biyan kuɗin takarda kawai.

Abin da yake kashe su, abu uku ne da suke haɗuwa. Na farko kwantai. Dillali a kan amana yake karɓar jarida, ya cire kamashonsa a kan wadda ya sayar, ya dawo maka da saura. A ce ka buga 3,000 aka dawo da 1,200, to kuɗin bugun duka za ka raba a kan 1,800. Maganinsa littafi: kowane dillali, nawa ya karɓa, nawa ya dawo da ita, a rage masa ko a ƙara duk mako. Na biyu bashin talla. Kai kana biyan takarda da dizal yau, mai talla yana cewa sai an sa hannu a fayil. Jarida tana iya cika da talla ta mutu da yunwa. Na uku shi ne dogaro da aljihu ɗaya. A jiha irin tamu babban mai talla gwamnati ce da 'yan siyasa, shafin taya murna da na ta'aziyya da sanarwar kwangila. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shawararmu kada ka bari wani mutum ɗaya ko hukuma ɗaya ta wuce rubu'in kuɗin shigarka. Ka tara ƙananan: sanarwar sauya suna, makarantu masu zaman kansu a lokacin ɗaukar ɗalibai, dillalan taki da iri, masu filaye, asibitoci, da kuɗin shekara daga makarantu da ofisoshi da 'yan Katsina mazauna Kano da Abuja da Legas, waɗanda za a riƙa tura musu a waya da asuba. Duk abin da aka biya aka buga, a rubuta "Talla" a samansa ƙarara.

Ga kuma wanda ya shafe ka kai tsaye, Alhaji. Ka rubuta yarjejeniya da editanka cewa shi ke da hukuncin abin da zai shiga shafi, kuma ba a sallamarsa sai da amincewar kwamitin amintattu. Ranar da labari zai taɓa surukinka ko abokin cinikinka tana nan zuwa, kuma ma'aikata da masu karatu duk ita suke jira su gani.

Ra'ayinmu dai, kada ka fara da kullum a takarda. Ka fara da labarai kullum a intanet, takarda kuma sau ɗaya a mako, shafi 16. Media Trust ma kusan shekara uku suka yi suna fita mako-mako kafin su koma kullum. In kwantai ya sauka, talla ta fara ɗaukar kuɗin bugu, ka ƙara rana ta biyu. Kuma kada ka buɗe ƙofa sai kana da kuɗin albashi da takarda na shekara guda a ajiye, waɗanda ba ka sa ran su dawo.

Daga wani mai karatu a Daura: Me ya sa jarida ba ta iso mana sai hantsi, kuma abin da ya faru da daddare ba ya ciki?

Malam, lissafin hanya ne. Jaridun da kuke gani daga wajen jihar ake bugo su. Kano zuwa Katsina kamar kilomita 170 ne, Katsina zuwa Daura kamar 80. Kafin mota ta tashi da asuba sai an rufe shafin farko tun wajen tara na dare, a ƙona faranti, a buga, a ƙirga, a ɗaure. Duk abin da ya faru bayan an rufe shafi sai jibi. In ɗaurin Daura ya biyo ta Katsina, sai ya jira motar haya ta cika a tasha, nan ne hantsin yake yi. Dillalinku ya nemi a riƙa saka masa ɗaurinsa a motar farko da ke tasowa daga Kano ta hanyar Kazaure, ya daidaita da direba ɗaya a kan kuɗin wata.

Daga wani sabon wakili a Dutsin-Ma: An kira ni da dare an ce 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye, wani ya ce mutum biyar aka kashe, wani ya ce ashirin. Edita yana jira. Wanne zan aika?

Ɗanmu, kada ka aika ko ɗaya tukuna, kada kuma ka raba tsakani ka ce goma sha biyu. Wanda ya kira ka a firgice yake, sau da yawa daga daji yake magana, kuma yana haɗa wanda ya mutu da wanda ya ji rauni da wanda ya gudu ba a gan shi ba. Ka tambayi kowa abu ɗaya: da idonka ka gani ko faɗa maka aka yi? Sannan ka nemi sunaye. Adadin da ba shi da sunaye yana kumbura daga baki zuwa baki, amma in ka ce a lissafo maka su wane ne, sai ka ga ashirin ta koma bakwai, ko kuma biyar ta zama tara. Mafi tabbas shi ne wanda ya halarci jana'iza: liman, mai unguwa ko dagaci, da ma'aikacin asibitin da aka kai masu rauni. Ka tabbatar mutum biyun da kake dogaro da su ba daga bakin mutum ɗaya suka ji ba. Ka kira kakakin 'yan sanda, in bai ɗauka ba ka tura saƙo, ka rubuta lokacin da ka tura.

In lokacin rufe shafi ya yi ba ka gama ba, ka rubuta abin da ka tabbatar ka jingina kowane adadi ga mai shi: mazauna garin sun ce kaza, 'yan sanda sun ce kaza, ko ba su amsa ba har lokacin da aka tafi bugu. Wanda ya duba yadda adadin ɗaliban Ƙanƙara da 'yan bindiga suka sace ya yi ta sauyawa a tsakiyar Disambar 2020, kafin a sako fiye da 300, ya san dalilin wannan taka-tsantsan. Hoto kuwa, kada ka karɓi wanda aka turo a WhatsApp sai ka san wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, domin tsofaffin hotuna na wasu ƙasashe suna dawowa duk lokacin da aka kai hari.

Kada ka buga sunan wanda ya ba ka labari daga ƙauyen da maharan suke iya komowa, ko da shi ya ce ka sa. Kada ka faɗi inda mutane suka ɓuya ko hanyar da jami'an tsaro suka bi. Kuma ka tanadi hanyar samun labari da ba ta waya ba. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, kuma wakilan da suka ci gaba da aiki su ne waɗanda suka san direbobin tasha da masu zuwa cin kasuwa. In daga baya ta bayyana adadin da ka aika ba daidai ba ne, ka kira edita da kanka a buga gyara washegari, a shafin da kuskuren ya fito, da sabon adadin da wanda ya tabbatar da shi.